Tarihin Agawa, Tsofaffin Masu Tudun Habasha

Wanda ya duba taswirar harsunan arewacin Habasha da Iritiriya zai ga harsuna biyu sun mamaye kusan ko'ina, Tigirinya daga arewa, Amharanci daga kudu. Sai ya ƙura ido sannan zai lura da wasu 'yan ɗigo huɗu a warwatse, kowanne can nesa da ɗan'uwansa. Akwai Bilin a kewayen garin Keren na Iritiriya. Akwai Hamtanga a duwatsun Wag, inda garin Sekota yake. Akwai Kimant a yamma da Gondar, wajen Cilga. Na huɗu shi ne Awngi, kudu maso yamma da Tafkin Tana, a ƙasar Gojjam. Tsakanin Keren da Injibara, babban garin masu Awngi, akwai fiye da kilomita 500 na tsaunuka da kwazazzabai, kuma mutumin Keren ba zai ji abin da na Injibara yake faɗa ba. Duk da haka harsunan nan huɗu uwarsu ɗaya. Su ake kira harsunan Agaw, masu su kuma Agawa.

Wannan warwatsuwa ita ce shaidar farko a kan tarihinsu. Da wuya al'ummu huɗu su yi ƙaura zuwa kusurwa huɗu su bar tsakiya wa wasu haka kawai. Abin da masana harshe suka fi yarda da shi shi ne, a da can yawancin tudun nan Agawanci ake yi, daga baya wani harshe ya malalo ya ci tsakiya, kamar yadda ambaliya take cin fadama ta bar tuddai tsilli-tsilli. Ɗigon nan huɗu su ne tuddan da ruwa bai kai ba.

Agawanci reshe ne na harsunan Kush, wato danginsu Oromo da Somali da Afar da Beja da Sidama. Shi kuma Kush ɗin reshe ne na babban dangin nan da ya haɗa Afirka da Asiya, wanda a cikinsa akwai Larabci da Ibrananci, da harshen Fir'aunonin Masar, da na Buzaye, da harsunan Cadi waɗanda Hausa ce babbarsu. Joseph Greenberg ne ya tabbatar da zaman Hausa a wannan gida cikin rabe-raben da ya kammala a 1963. Zumuncin na nesa ne ƙwarai, na shekaru dubbai, amma bai ɓace gaba ɗaya ba. Bahaushe yana cewa gidanka da gidanki, Balarabe yana liƙa ka da ki a ƙarshen kalma don ma'ana ɗaya, mai Bilin kuma da wannan harafi na k yake nuna abin da yake naka. Awngi yana da karin sauti, hawa da saukar murya suna sauya ma'ana, kamar dai yadda muke da shi a Hausa.

Agawa manoman tudu ne tun fil azal. Masana da dama suna danganta fara noman tef da kakanninsu, hatsin nan da ƙwayarsa ta fi ta acca ƙanƙanta, wanda da shi ake yin injera, gurasar da Bahabashe bai san ya ci abinci ba in babu ita. Haka nan nug, irin da ake matse mai daga cikinsa. Suna noman tamba, suna kiwon shanu, suna da zuma mai yawa. A kan waɗannan mutane ne masu harsunan Sam, dangin Larabci, suka zauna. Alaƙa tsakanin gaɓar Yaman da gaɓar Afirka ta Bahar Maliya tsohuwa ce, kuma tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa ana rubutu irin na Saba'awa a arewacin Habasha. Daga cakuɗuwar nan Gi'iz ya fito, harshen daular Aksum.

Sunan Agawa ya fara bayyana a rubuce ta hannun wani ɗan kasuwar Iskandariya, Kosmas, wanda ya sauka tashar jiragen ruwa ta Adulis wajajen shekarar 520. A lokacin Sarki Kaleb na Aksum yana shirin ƙetare teku ya yaƙi Zu Nuwas na Yaman, wanda ya ƙona Kiristocin Najran, lamarin da malaman tafsiri da yawa suke cewa shi ne ƙissar Ashabul Ukhdud ta cikin Suratul Buruj. Gwamnan Adulis ya sa Kosmas ya kwafe wani tsohon rubutu na Girkanci da ke jikin wata kujerar dutse, inda wani sarki ya jera ƙabilun da ya ci da yaƙi. Cikinsu akwai Atagaw, waɗanda masana suke ɗauka Agawa ne.

Abin da ya fi wannan daɗin ji shi ne labarin da Kosmas ya bayar na fataucin zinariya. Ya ce bayan kowace shekara biyu sarkin Aksum yakan tura ayari zuwa wata ƙasa mai suna Sasu, can kudu maso yamma, kuma ta hannun hakimin Agaw ake tura shi. Fatake wajen 500 suke haɗuwa, ɗauke da makamai saboda 'yan fashi, suna kora shanu, da kayan gishiri da ƙarfe. In sun isa sai su yi shinge na ƙaya, su yanka shanun, su shanya nama da gishiri da ƙarfe a kan shingen. Mutanen ƙasar su zo su ajiye 'yan dunƙulen zinariya a kan abin da suke so, su ja da baya. In mai kaya ya ga ta yi masa, ya ɗauki zinariya, mai saye ya ɗauki nama. In ba ta yi ba ya bar ta, mai saye ya ƙara ko ya ɗauke abinsa. Babu mai jin harshen wani, babu tafinta, amma ciniki yana faɗawa. Zuwa da dawowa wata shida, kuma sai sun yi sauri kada damina ta tare su, domin hanyar ta bi ta mafarin Kogin Nilu. Ke nan tun ƙarni na shida Agawa suna cikin daula, har an damƙa musu hanyar da arzikin fada yake bi. Ƙarni guda bayan haka, lokacin da Sahabbai suka yi hijira zuwa wurin Najjashi wajajen 615, Agawa na cikin talakawan masarautar da ta karɓe su.

Aksum ta fara dusashewa daga ƙarni na bakwai, bayan cinikin Bahar Maliya ya fita daga hannunta. Cibiyar mulki ta riƙa ja kudu, tana shiga ƙasar Agawa sosai. A ƙarshen ƙarni na goma wata sarauniya ta hargitsa ƙasar, ta ƙona majami'u, ta kori sarki. Ibn Haukal ya ambaci mace tana mulkin Habasha a zamaninsa, labaran gargajiya kuma suna kiranta Gudit. Bayan ƙura ta lafa, mulki ya faɗa hannun wani gida daga Lasta, tsakiyar ƙasar Agaw. Su ne Zagwe, sunan da yake nufin na Agaw. An ce Mara Takla Haymanot ne ya kafa gidan, kuma yawancin masana tarihi suna sanya farkon mulkinsu wajajen 1137, ko da yake wasu jerin sarakuna na coci sun ba su shekaru fiye da haka.

Tun daga farko an tsaya musu a wuya a kan asali. A wancan zamani babban limamin cocin Habasha, Abun, daga Masar ake naɗo shi. Tarihin shugabannin cocin Iskandariya ya nuna cewa wajajen 1150 wani sarkin Habasha ya nemi a canza masa Abun Mika'el, wai ya tsufa, alhali dalilin gaskiya shi ne limamin ya ƙi amincewa da shi saboda ƙwace ya yi. Mai yiwuwa wannan gorin ne ya sa sarakunan Zagwe suka fi kowa himmar addini. Yimrihana Kiristos, wanda aka ce sarki ne kuma limami, ya gina majami'a cikin wani babban kogo a arewa da garin Roha, da katako da dutse jere bisa jere, irin ginin Aksum sak, kamar mai cewa ga magadan nan.

Sai Lalibela. Ya yi mulki daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13, kuma akwai takardun kyautar filaye da sunansa da suka tsira har yau. A garin Roha, wanda yanzu ake kira da sunansa, a tudu mai tsayin mita kusan 2,500, akwai majami'u 11 waɗanda ba a ɗora dutse kan dutse ba wajen yin su. Maginan sun tsaya a kan falalen dutse, suka sassaƙa rami mai zurfi ta gefe huɗu har wani ƙaton dutse ya rage a tsakiya, sannan suka huda shi suka fafe cikinsa, suka fitar da ginshiƙai da tagogi da baka da matakala, duk daga dutse guda. Gini ne daga sama zuwa ƙasa, wanda in gizago ya yi kuskure babu gyara. Mafi girmansu, Bete Medhane Alem, tsawonta ya haura mita 33. Wadda aka fi ɗauka hoto, Bete Giyorgis, siffar gicciye gare ta, rufinta daidai da ƙasar da mutum yake takawa. Sun haƙa magudanan ruwa da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu haɗa wannan da waccan, ba don haka ba da damina ɗaya ta mai da wurin tafki. Salahuddin al-Ayyubi ya karɓi Ƙudus a 1187, kuma labarin da ya shahara shi ne Lalibela ya so ya yi wa mutanensa sabuwar Ƙudus a gida, shi ya sa rafin da ya ratsa wurin ake kiransa Yordanos. Masanin tono David Phillipson yana ganin wasu daga cikin gine-ginen sun girmi Lalibela da ƙarnoni, daga baya aka mai da su wurin ibada. Ko da haka ne, an kammala aikin a hannun Zagwe. Limamin Fotugal Francisco Alvares, da ya gan su wajajen 1520, ya taƙaita bayaninsa don tsoron kada mutanen ƙasarsa su ce ƙarya yake yi. UNESCO ta sa wurin cikin jerin farko na kayan tarihin duniya a 1978.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai, domin a ganina shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Sarakunan nan Agawa ne, sun riƙe ƙasa fiye da shekara ɗari, suna da dukiyar da za ta fafe dutse, amma duk abin da suka bari a rubuce da Gi'iz yake. Addu'a da Gi'iz, takardar fili da Gi'iz, sunan sarauta da Gi'iz: Lalibela kansa Gabra Maskal ne a fada. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, haka duniyar wancan lokaci take, harshen littafi daban, na gida daban. Sai dai sakamakon ya tabbata. Lokacin da Agawanci ya fi kowane lokaci kusa da alƙalami, ba a ba shi ba.

A 1270 Yikuno Amlak, wani basarake daga ƙasar Amhara, ya kawar da sarkin Zagwe na ƙarshe tare da goyon bayan manyan ruhubanawa. Sabon gidan ya ce shi jinin Annabi Sulaimanu ne da Sarauniyar Saba, wadda muka sani da Bilkisu, ta wajen ɗansu Menelik na farko. A farkon ƙarni na 14 aka tsara littafin Kebra Nagast da ya kafa wannan da'awa, kuma a ƙarshensa an bayyana Zagwe a matsayin waɗanda ba Isra'ilawa ba, masu riƙe abin da ba nasu ba. Da wannan hujja aka yi mulki, da katsewa nan da can, har zuwa faɗuwar Haile Selassie a 1974. Abin mamaki, cocin da ya taimaka aka tumɓuke su shi ne kuma ya ɗauki sarakunansu Lalibela da Yimrihana Kiristos da Na'akuto La'ab a matsayin waliyyai. Zuriyar Zagwe ba ta ɓace ba. Masu sarautar Wagshum, wato sarakunan Wag, sun ci gaba da danganta kansu da su, ana kuma ba su girma na musamman a fada. Ɗaya daga cikinsu, Wagshum Gobeze, ya hau gadon sarautar Habasha a 1868 da sunan Takla Giyorgis na biyu, amma Kassa na Tigray, wanda ya zama Yohannes na huɗu, ya karya shi a 1871.

An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a tudun Habasha abin ya juye. Ta hanya uku Amharanci ya ci Agawanci: sansanin sojan sarki, majami'a, da mallakar fili. Wanda ya yi baftisma ya karɓi suna na Gi'iz, ya aurar da 'yarsa ga soja, ya je gaban alƙali a kan gona, jikokinsa sun tashi Amharawa. Ba korar mutane aka yi ba, bakinsu aka sauya. Shi ya sa ake cewa Amharawa da yawa na yau jikokin Agawa ne.

Harshen da ya ci nasara ma bai fita lafiya ba. Larabci da Gi'iz suna son fara jimla da aikatau, amma Amharanci sai ya kai aikatau ƙarshen jimla, ya sa siffa kafin suna, ya jera ayyuka cikin dogon zare kafin ya rufe magana, duk irin tsarin harsunan Kush. Wolf Leslau ya yi rubutu a kan wannan tasiri tun 1945. Ko a Gi'iz ɗin kansa, kalmomin nama da kifi da kaza da gajimare da gashi ana ganin daga Agawanci suka shigo, kuma sautukan kw da gw, irin na kwai da gwani, waɗanda Larabci bai san su ba, sai da aka ƙirƙira musu haruffa na musamman. Mutum bai cika aron sunan nama daga maƙwabci ba. Irin waɗannan kalmomi daga bakin uwa ake samunsu, kuma uwayen nan Agawa ne.

Ragowar huɗun kowanne da yadda ya tsira. Awi na Gojjam, wato masu Awngi, suna cewa 'yan'uwa bakwai ne suka taso daga Lasta suka kafa gidaje bakwai na Agaw. Sun daɗe suna turjiya. Sarki Susenyos, wanda ya yi mulki daga 1607 zuwa 1632, ya kai musu yaƙi sau da dama, magadansa ma haka. A ƙasarsu idon ruwan Gish Abay yake, wanda ake ɗauka mafarin Shuɗin Nilu, kuma da James Bruce ɗan Sikotilan ya isa can a Nuwamban 1770 ya tarar Agawa suna yanka wa ruwan shanu. Ya kuma rubuta cewa su ne masu ciyar da Gondar da zuma da man shanu da dabbobi. Yau Awngi ne mafi ƙarfi, ƙidayar 2007 ta ba shi masu magana kusan 490,000, kuma an san Awi da dawaki, suna hawa na shekara-shekara a Injibara cikin Janairu. Hamtanga, mai mutum sama da 200,000, duwatsu da talauci ne suka kare shi, domin Wag ƙasa ce busasshiya da ba kowa yake kwaɗayinta ba. Yunwar 1984 ta yi mata mummunar ɓarna, kuma ba banza ba ne shirin da gwamnatin Habasha ta ƙaddamar a 2015 na yaƙi da tamowar yara aka sa masa sunan Sekota.

Bilin kuwa suna cewa daga wajen Lasta suka hauro arewa. Sun kasu gida biyu, Bet Tarke da Bet Tawke, kusan rabi Musulmi rabi Kirista. Keren mahaɗar hanya ce tsakanin Kassala da Massawa, hanyar da alhazan ƙasarmu masu tafiyar ƙasa suka bi, wasunsu ma suka zauna ana kiransu Tukrir. Masar ta mamaye garin a 1872, Italiya ta karɓe shi a 1889, a nan kuma sojan Birtaniya suka karya na Italiya a 1941. Wannan yawan baƙi ya sa aka rubuta Bilin da wuri: Leo Reinisch ɗan Ostiriya ya fitar da nahawunsa a 1882 da ƙamus a 1887. Bayan 'yancin Iritiriya aka lissafa Bilin cikin ƙabilu tara na ƙasar, ana karantar da shi a firamare da haruffan boko.

Akwai kuma na biyar da ya riga ya tafi. Yahudawan Habasha, Beta Isra'el, a da Agawanci suke yi, da karin Kwara da na Kayla, kusa ƙwarai da Kimant. Tun zamanin Sarki Yishak a ƙarni na 15 aka fara raba su da filaye, suka koma ƙira da saƙa da ginin tukwane, su ne kuma magina da kafintocin fadojin Gondar bayan Sarki Fasilides ya kafa birnin wajajen 1636. Kafin ƙarni na 20 yawancinsu sun koma Amharanci da Tigirinya, sai 'yan addu'o'i da suka rage da tsohon harshe. An kwashi kimanin 8,000 daga sansanonin Sudan zuwa Isra'ila daga ƙarshen 1984, sannan sama da 14,000 daga Addis Ababa cikin awa 36 a watan Mayun 1991. Tsofaffin da suka rage da Kwaranci a bakinsu a can suka ƙare kwanakinsu, jikokinsu suna Ibrananci.

Kimant su ne suka fi kusa da fada, su ne kuma suka fi jin jiki. A da yawancinsu suna bin addininsu na gargajiya mai kama da na Yahudu ta wasu fuskoki, suna kiyaye Asabar, suna ibada a kurmi mai tsarki, babban limaminsu ana ce masa wambar. Frederick Gamst ya rubuta littafi a kansu a 1969. Ƙarni uku suna kai itace kasuwar Gondar ana yi musu gori, ga matsin baftisma daga zamanin Yohannes na huɗu zuwa na Haile Selassie, har iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu harshen don kada a gane su. Bahaushe ya san wannan labari, sai dai daga ɗaya ɓangaren: a ƙasar Bauchi harshen Ajawa haka ya narke cikin Hausa a farkon ƙarni na 20, ba tare da an zare takobi ba.

Tsarin mulkin Habasha na 1995 ya ba kowace ƙabila damar amfani da harshenta. Awi da masu Hamtanga na Wag sun sami yankunan mulkin kansu cikin jihar Amhara, Awngi da Hamtanga sun shiga aji da haruffan Gi'iz, sama da shekara 700 bayan faɗuwar Zagwe. David Appleyard ya fitar da ƙamus na kwatanta harsunan Agaw a 2006. Ga Kimant dai taimakon ya zo a makare. Ƙidayar 1994 ta sami mutum kimanin 172,000 da suka ce su Kimant ne, amma waɗanda harshen yake na farko a bakinsu ba su kai 2,000 ba, yawancinsu tsofaffi. A ƙidayar 2007 ba a ma sa sunan ƙabilar ba, abin da ya tayar da neman 'yanci da rikicin da ya ci rayuka a kewayen Gondar. Matasan da suka fito suna neman a san su a matsayin Kimant, da Amharanci suka rubuta koke-kokensu.